Almakashin Tsiyala

A Tibilisi, ƙarƙashin wani gidan burodi,
inda ƙamshin tanda ke gangarowa tun asuba,
nan Tsiyala ke zama, farar safa a hannu,
almakashi rataye da zare a wuya.
Ni aikina shara, da naɗe zaren fim,
da shayin da kan huce ta ce in sake dafa.

Hoto ashirin da huɗu ke cikin sakan guda.
"Nodar," ta kan ce, "ƙirga su kamar kuɗin gado.
Ɗaya in ya yi yawa, ƙarya ta shigo gida."

Ran Talata Guram ya zo da gwangwani uku,
gemunsa bai ga reza ba tun farkon kaka.
Wata bakwai yana ɗauka can a kan tsauni:
wata uwa a tasha, jirgi na zuwa, na wucewa,
ɗan da take jira bai taɓa saukowa ba.
Ya ce, "Duba nan. Minti huɗu tana kuka.
Ranar har mai riƙe fitila sai da ya share ido.
Wannan ce zuciyar fim ɗin, kar ki taɓa."

Ta murɗa na'ura, hasken ya faɗo kan fuska.
Ta kalla sau ɗaya. Ta mayar. Ta sake kalla.
Ba ta ce uffan ba, sai dai ta wuce gaba,
can bayan an ce "Tsaya!", inda aiki ya ƙare
amma kyamara ta manta ba ta rufe ido ba.

Ga matar zaune, ta gaji, ba ta san ana ɗauka ba.
Ta ciro rumman daga aljihu, ta raba shi biyu,
ta ci rabi,
rabin ta ajiye a kan benci, gefenta,
wurin da babu kowa.

Ƙyas! Almakashi ya yi magana.
Minti huɗu suka zube ƙasa kamar saɓar maciji.
Guram ya miƙe, kujera ta kife a baya:
"Kin yanke min jijiya!"
Ta ce, "Zauna. Hawaye rabon 'yan kallo ne.
In ka riga su zubarwa, me za su zo da shi?
Mai ɗauka yana tarawa ne kamar tururuwa,
mai yanka shi ya san abin da gida zai iya ci.
Ba ni ƙarar jirgi daga nesa, ƙasa-ƙasa,
ka bar rumman ɗin nan sakan tara, ba kiɗa."

Ya fita bai yi sallama ba. Ya dawo Juma'a
da kwalbar zuma, ya ajiye, bai ce don me ba.

Daren da aka haska, na tsaya bayan labule.
Da rabin rumman ya cika bango,
sai na ji ɗakin ya daina numfashi,
wani tsoho a layi na uku ya cire hula.

Kukan nan da na share, ban kai shi juji ba.
Yana cikin gwangwanin alewa a kan tagata.
Wani dare na kan ɗaga shi saitin fitila:
mace ƙarama kamar farce, tana ta kuka,
kyakkyawan kuka, wallahi,
wanda ba wanda ya rasa.