Zobe a Gonar Alkama

A ɗakin aikinta a Szeged, Piroska
ta shimfiɗa hotunan da jirgi ya ɗauko
a watan Yuni, shekarar da ruwa ya ƙi sauka.

Gonar Dezső ce. Daga sama
duk ta ƙone, ta yi launin ƙanzo,
sai wani zobe kore shar a tsakiya
kamar sawun gindin tukunya a kan toka.

Inda aka taɓa haƙa rami, ƙasa na riƙe danshi,
saiwa ta sha, zangarniya ta miƙe.
Shekara dubu uku, wataƙila. Ko kuwa
magudanar ruwa ce ta zamanin kakansa.
Sau biyu irin wannan ta ba ta kunya,
sai ta ɗau fensir, ta bar biro.

Ran Asabar ta kai masa hoton.
Ya juya shi, ya sake juyawa,
ya ce shekara arba'in garmarsa na tono tsingaro a nan
yana watsarwa bakin hanya.

Suka tsaya cikin zoben, alkama iya gwiwa.
Daga ƙasa ba a ganin komai.
"To ta ina suke shiga?" in ji shi,
hularsa a hannu.