Jan Fenti a Bangon Makaranta

Ni na rubuta shi, ba wani ba.
Shekarar da aka haifi Xiulan,
sakataren ƙauyenmu a Shanxi
ya miƙo mini buroshi da gwangwanin jan fenti,
na hau tsani a bangon makaranta:
"Ɗa ɗaya ya isa, tsufanka yana wuyan hukuma."
Kowane harafi ya kai tsayin ɗan yaye.
Har tafi aka yi mini.

Tsohuwata ce ta riƙe tsanin.
Ba ta karatu, sai na karanta mata.
Ta daɗe shiru, can ta ce,
"To, hukumar ta san kaurin
da nake son kunun gerona ya yi?"

Mu shida muka yi jinyarta,
har da 'yar rigima kan mai wanke mata ƙafa.
Lokacin, gefen gado mai ɗumi na tsoho ne,
ba a taɓa akushi sai ya taɓa.

Yanzu Xiulan tana Shenzhen,
ita da mijinta, su biyu rak,
mu huɗu a kansu,
tulu huɗu, gammo ɗaya.
A talabijin ana lissafa mu da kaso cikin ɗari,
da muryar da ake sanar da ambaliya.
A layin asibiti wani yaro ya dubi furfurata,
ya dubi agogonsa.
Ban ga laifinsa ba.
Shi ma tilo ne, na gani a kafaɗarsa.

Ran Lahadi take kira.
Kafin hoton ya buɗe,
Guifen ta tura sandarta bayan ƙofa,
ni kuma in haɗiye tarina.
"Lafiya lau muke. Ke dai ki ci abinci."

Bara wani saurayi ya zo da farin fenti.
Makarantar ta daɗe da rufewa,
nan muke karɓar abincin rana, mu tsofaffi,
a kan bencin da ba yaran da za su zauna.
Ya shafe nawa, ya rubuta nasa:
"'Ya'ya uku, gida ya yi albarka."
Ni na riƙe masa tsani.
Na ce, "Layinka ya karkace, yaro."
Iyakar abin da na ce ke nan.

Amma in ruwan sama ya jiƙa bangon,
jan nawa yakan leƙo ta ƙarƙashin farin,
kalma ɗaya tak, ta wajen taga:
tsufanka.