Haske a Bayan Inna Tsahara

Mantau ya aiko da jaka goma daga Kwatano,
ya ce: je Bagalam, ɗauko mini fuskar uwata
tun tana iya jero sunayen kakanninmu.

Na isa da hantsi. Babu wuta tun asuba.
Ɗakin ƙasa ne, taga ɗaya kamar tafin hannu,
ita kuwa ta ƙi barin bakin ƙofa,
wai nan iska ke iske ta,
nan take ganin mai taɓa mata ƙuli-ƙuli.

Na kafa ƙafa uku, na kunna.
Kamara ta yi halinta:
ta hango rana a tsakar gida, ta ƙanƙance ido,
ta ba ni turmi tsaf, da akuya, da igiyar shanya,
har ƙudan da ke bakin kwalla.
Inna kuwa ta koma baƙin tulu mai magana.

Kamara bafadiya ce,
wanda ya fi ƙyalli take yi wa fadanci.

Inna ta gyara farin mayafi, hoto ya dushe.
Jika ya gifta, ya buɗe, ya sake rufewa,
kamar numfashin wanda ya sha gudu.

Sai na ƙwace mata linzami.
Na kama zobe da yatsa biyu, na murɗa a hankali,
ɗaya, biyu, da rabi.
Na sa yarinya ta riƙe farantin silba,
ta tare rana, ta karkato da ita kan kunci.

Turmi ya fara narkewa. Akuya ta bi shi.
Tsakar gida ta ƙone fari fat.
Daga cikin duhu sai ga goshi,
sai ga tsage, layi bayan layi,
sai ga haƙori ɗaya da goro ya rina.

"Yaro, me kake murɗawa tun ɗazu?"
Na ce, Inna, haske ne ya yi yawa a bayanki.
Ta ce, "Dama can a baya yake.
Ɗauki abin da ya rage."

Minti arba'in tana kiran matattu da suna.
A na sha bakwai wani ya tsaya a ƙofa,
ta waiga, ta yi masa murmushin
da ba ta yi wa kowa ba ranar nan.

Da dare na maido wurin sau uku.
Farin fili kawai, da gefen inuwa.
Mantau zai tambaye ni ko wane ne.