Kwana Goma Sha Ɗaya

Shekara tara ina zuba su wuri guda,
bankin PZ mai benen da fentinsa ya koɗe,
ragowar abin da keken ɗinki ya bar mini bayan cefane,
wani watan dubu biyar, wani watan kunya kawai.
Asusu ne da haraji ba ya leƙa shi,
haka suka ce ran da na buɗe,
na riƙe maganar kamar guzurin tsufa.

Abu ɗaya ke tsaya mini a wuya, kuɗin ruwa.
Duk ƙarshen shekara in tsame su
in ba masu gyaran kwalbatin unguwa.

Sai Tanimu ɗan ƙanwata ya zo da lissafi a bayan ambulan:
"Kawu, na Kwangila ciniki suke da kuɗin,
a raba riba, a raba faɗuwa."
Na ce to, gobe in kwaso su a jakar taki,
in hau a-daidaita, kafin azahar an gama.

Rifkatu 'yar Wusasa ce a bayan kanta.
Ta ajiye biro ta dube ni.
"Baba, kada ka taɓa su.
In suka shiga hannunka, rigar da suka sa ta faɗi,
su zama kuɗi irin na kowa.
Cike takarda, banki ya yi magana da banki."
Na gane. Dashen tattasai ne,
da ƙasar jikinsa ake ɗauka.

Na sa hannu wuri huɗu.

Ran Litinin tsohon gida ya nuna sifili.
Ran Talata sabon gida ya ce bai ga baƙo ba.
Tsakanin PZ da Kwangila tafiyar minti nawa ce?
Ni da kekena na sha yin ta da alwala ɗaya.

Da dare, ruwa na dukan kwano,
sai in gan su tsaye a ƙarƙashin gada sun jiƙe,
ko a bakin Kubanni suna jiran ruwa ya janye,
ko sun ɓace a kasuwar Sabon Gari
suna tambayar mutane ina gidan Sallau tela.
Na ɗinka hannun riga a baibai.
Uwani ta ce, "Tuwon ma auna shi kake da tef?"

Kwana na takwas aka kira ni.
Ashe harafi ɗaya ne ya tare hanya:
can ni Salau ne, nan kuwa Sallau.
Shekara tara wani mutum mai ƙarancin harafi
yana ajiye gumina, ban san shi ba.
Na je kotu, na biya kuɗin takardar rantsuwa,
na rantse gaban yaron da na ɗinka wa rigar suna
cewa ni ne ni.

Ran na goma sha ɗaya, ƙafata na kan feda,
waya ta yi ƙara cikin aljihu.
Sun sauka. Ko kwabo bai yi ciwon kai ba.
Ban gan su sun fita ba, ban gan su sun shiga ba,
lambobi ne suka tashi daga wannan allo zuwa wancan.

Jiya na bi ta PZ sayen zare.
Barau mai gadi ya taso da sandarsa,
ya nuna mini inuwar da yake jingine mini keke.
"Wurinka na nan, Malam. Yau ba ka shiga?"
Na tsaya riƙe da kan keken.
A duk takardun da na cike
babu layin da aka tanada don wannan.