Daƙiƙa Casa'in na Eliana

A Valparaíso, inda gidaje ke rataye a jikin dutse kamar shanya,
saman shagon wani mai gyaran agogo,
Eliana Quilodrán ta kwana uku tana kokawa da harafi ɗaya.

Darakta ya hawo matakala yana haki,
Baltasar ke nan, mai son komai da ƙara.
Ya ce, "Ja nake so. Ja wur, yana ɗiga.
Fim ɗin kisa ne, a san haka tun daga bakin ƙofa."
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Mugu ba shi da kama, Baltasar.
Wanda ya shigo da wuƙa tsirara, an riga an guje shi.
Ba ni daƙiƙa casa'in, ka je ka sha shayi."

Sai ta zaɓi fari,
siriri kamar ƙayar kifin da ke tsayawa a wuya.
Ta hana shi tsakiyar allo.
Sunan jaruma ya ɓullo can ƙasa, ta hagu,
ido ya bi shi da gudu,
saura harafi biyu a gama karantawa, ya ɓace.
Na gaba ya fito inda ba a zata ba.
Tun nan an koya wa ido cewa a gidan nan
kullum a makare zai riƙa isowa.

Tsakanin harafi da harafi ta ƙara tazarar silin gashi,
ba wanda zai gani,
amma ciki zai ji,
kamar ka dawo ɗakinka da dare
ka tarar komai na nan,
kujera ce kawai ta ɗan juya.

Da asuba ta gangara tashar jiragen ruwa
ta naɗo kukan igiya tana gogar ƙarfe.
Ta rage shi, ta sake ragewa,
har ya koma abin da haƙori ke ji kafin kunne.
Sunan fim kuwa, a takarda ta buga shi,
ta tsoma a ruwan gishiri, ta ɗauki hoton narkewarsa,
sannan ta juya hoton baya:
kalma ta taso daga ƙazanta tana haɗa kanta
kamar gawar da teku ya fasa riƙewa.

Daren farko ta zauna layin ƙarshe.
Ita ba allo take kallo ba, ƙeya take karantawa.
Baƙi a kan baƙi, a gaban baƙi ɗari uku.
Tari ya ɗauke.
Wata ta ɗauko jakarta daga ƙasa ta rungume.
Wani ƙato, hannunsa cike da gugguru,
ya tsaya tsakanin leda da baki,
ya manta hanya.
Ba a nuna fuska ba tukuna. Ba wanda ya mutu.
Rashin sani ne kawai, wanda ya fi dare duhu,
aka rubuta masa sunaye.

Nata sunan ya wuce, na goma sha bakwai,
daƙiƙa biyu, ba wanda ya kula.
Hannun ƙaton nan shi ne ladanta.

Ta dawo gida ita kaɗai, hazon teku ya cinye fitilu,
matakala ɗari da wani abu, takalminta na amsa kansa.
A ƙofa ta ɗaga kai.
Allon mai agogo, wanda ta shekara tara tana wucewa:
harafi na uku ya ɗan karkace.

Iska ce, mana. Ko ƙusa ta gaji.

Ta daɗe tsaye, makulli a hannu,
tana jiran sunan da zai biyo baya.