Ɗigon Tawada

Da hantsi aka miƙo mini kwalbar:
ruwan ƙashin bayan Nomau, mutumin Kalfu,
gado na tara, ɗakin maza, asibitin Tawa.
Garau yake kamar ruwan randa da asuba.
Na daɗe da sanin ruwa garau ma yana ƙarya.

Na ɗiga shi bisa gilashi,
na bi shi da ɗigon baƙar tawada,
na sunkuya kan madubin awo.
Sai ga dare ƙarƙashin idona.
Ga wata, ga wata, ga wani watan,
kowanne ya kafa sansani,
ɗaya ma na goye da ɗansa.
Shekara sha ɗaya ina wannan aiki,
har yau ina jin kunyar yadda suke mini kyau.

Fumfuna ce.
Kowa na shaƙarta, jiki ya kore ta.
Nomau kuwa sida ta riga ta cire masa ƙyaure,
baƙuwa ta shiga ba sallama,
ta kwana a huhu, ta bi jini,
ta fito a goshi, ƙuraje masu cibiya,
yanzu ta hau kai tana daka.
An ce masassara ce. An ce tarin fuka ne.
Wata biyu ana jifan inuwa.

Tsahara, ƙanwarsa, ta tare ni a baranda.
Ta ce tun dawowarsa daga Abijan
tantabaru ne abokan hirarsa,
da hannunsa yake share musu ɗaki.
Ta ce wata takwas bai zo karɓar ƙwayoyinsa ba,
don mai miƙo su ta taga
bayansa yake tsayawa a sahun Juma'a.

Maganin yana Yamai,
ruwa ne mai launin ɗorawa.
Ta kwance bakin zane, jaka bakwai da canji.
Ta ce, "Malama, nawa ake sayen tantabara yanzu?
Talatin da biyu ne, har da masu ƙwai."

Ban iya wannan lissafin ba.
Na koma ciki na rubuta kalma guda da Faransanci,
na buga hatimi.

Da magariba na wanke gilashin,
watannin suka bi rariya.
Daga ɗakin maza ina jin Nomau
yana roƙon a kashe fitila, haske na sukar idonsa.
Tawadar da ta shiga ƙarƙashin farcena
sau uku na sa mata sabulu.