Hantar Lamba Sha Bakwai

Torotoron farko daga Nima,
kokona bai gama hucewa ba na iso Legon.
Keji na sha bakwai yau babu kowa,
sai ɓawon ayabar jiya a kusurwa.

A takarda, lamba ce sunansa.
Ni Gambo nake ce masa a ɓoye,
don bayan wasu tagwaye aka kawo shi.
Mako sha biyu ke nan da Dakta Amankwa
ta ɗiga masa ruwan dodon koɗi a fatar ciki,
ruwa garau, kamar na alwala.

Ga hantarsa yanzu a gabana.
Na yanka ta, ta fi ɓawon albasa sirantaka,
na rina ta ja da shuɗi, na shimfiɗa a gilashi,
na kafa ido a madubi.

Ƙwai ne, kowanne da ƙayarsa a gefe,
sun maƙale inda jini ke ratsawa.
Tsutsar ba ta ciji kowa ba,
tana kwance a ƙirjin mijinta cikin jijiya
tana ta zuba.
Jiki ne ya ji baƙo, ya tara dakaru,
ya kewaye kowane ƙwai da ganuwa,
ganuwa bisa ganuwa,
har gari ya zama bango zalla, ba hanyar kasuwa.
Abu mai laushi ya koma ƙirgi.
Garin tsaron gida aka rushe gida.

Dakta ta ce, "Ƙirga su, Sa'adatu, ki auna faɗinsu."
Ina kan arba'in da uku lissafi ya kuɓuce,
don na ga Weija, na ga yayana Mamuda
yana alkafura cikin ruwa da gajeren wando,
da yamma yana fitsari ja a gindin katanga,
manya na dariya: "Yaro ya zama namiji!"
Tsargiya ce, wa ya damu?
Yana talatin da ɗaya cikinsa ya tashi kamar tulu,
ya yi aman jini a Korle Bu wata Laraba.
Ba wanda ya buɗe hantarsa ya nuna mini.

Yau na gan ta.

Ban san wa zan roƙi gafara ba,
birin ko yayana.
Na koma farko. Arba'in da bakwai. Na rubuta.
Na ɗauki bokiti na wanke kejin.
Na sha takwas ya miƙo hannu ta waya,
na ba shi gyaɗar da na sayo wa Gambo.